Baƙon da ya ce wa Bugis asalinsu manoma ne

A tsohuwar takardar kuɗin Indonesiya ta rufiya ɗari, wadda aka fitar a 1992, akwai hoton wani jirgin ruwa na katako mai tafiya da iska, da manyan ƙyallaye a ɗaure bisa ginshiƙai biyu. Sunansa pinisi. Ka tsayar da kowa a titin Jakarta ka tambaye shi jirgin su wane ne wannan, zai ce maka na Bugis ne. Su Bugis al'umma ce ta Musulmi da ke kudancin tsibirin Sulawesi, ƙidayar 2010 ta nuna sun haura miliyan shida. Kirarinsu a duk yankin guda ne: 'ya'yan teku, fatake masu ratsa ruwa, waɗanda tsofaffin littattafan Turawa suka riƙa kira 'yan fashin teku. Su ma suna jin daɗin kirarin, domin babu wanda ke ƙin a ce kakansa jarumi ne.

Sai ga wani Bafaranshe mai suna Christian Pelras, a littafinsa na Ingilishi The Bugis da ya fito a 1996, ya ce a yi a hankali. Mafi yawan Bugis, in ji shi, tun fil azal manoman shinkafa ne. Shaharar da suka yi a teku ba ta kankama ba sai wajen ƙarni na 18. Shi kansa pinisi, a siffar da aka san shi da ita, bai wuce ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 ba. Masu sassaƙa shi kuwa mutanen Konjo ne na gaɓar Bulukumba, garuruwa irin su Ara da Tana Beru, waɗanda harshensu ya fi kusa da na mutanen Makasar, maƙwabtan Bugis a kudancin Sulawesi.

Ka ƙaddara wani baƙo ya zo Kano ya shekara talatin yana yawo, sannan ya rubuta cewa wani abin da muke tinƙaho da shi bai kai tsufan da muke zato ba. Ai ranar sai an toshe kunne. Amma ni ina ganin Pelras yana da hurumin faɗin abin da ya faɗa, kuma ina so in bayyana daga ina hurumin ya fito, domin ba kowane baƙo mai alƙalami ke da shi ba.

Akwai wani abokina malamin makaranta da muka sha kai ruwa rana da shi a kan wannan. Shi a wurinsa magana a gajarce take: duk Baturen da ya bar ƙasarsa ya je ya zauna cikin talakawan wata ƙasa yana rubuta yadda suke aure da yadda suke binne gawa, ɗan leƙen asiri ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ba na yi masa dariya, domin tarihin tsibiran nan da kansa ya ba shi hujja. Snouck Hurgronje, malamin Larabci ɗan ƙasar Holan, ya shiga Makka a 1885 da sunan Abdul Gaffar, ya zauna watanni yana cuɗanya da alhazan Jawa da Sumatra. A 1891 gwamnatin mulkin mallaka ta tura shi Aceh, a arewacin tsibirin Sumatra na Indonesiya, inda Holan ke fama da yaƙi tun 1873 ta kasa gamawa. Shawarar da ya bayar ita ce a raba sarakunan gargajiya da malamai, a jawo sarakai a jiki, malaman da ke jagorantar jihadi kuwa a bi su da ƙarfin bindiga. An bi shawarar, kuma ta ci. Iliminsa na gaske ne, ba a musun wannan, kuma da wannan ilimin aka karya mutanen da suka ba shi masauki.

Ko mai kyakkyawar niyya ma bai tsira ba. Georges Condominas, wani Bafaranshen, ya zauna a ƙauyen Sar Luk cikin tsaunukan Biyetnam a 1948 da 1949, ya rubuta littafi mai cike da ƙaunar mutanen Mnong Gar, da sunayensu da gidajensu da gonakinsu. A 1962 gwamnatin Amurka ta sa aka fassara littafin ba da izininsa ba, aka raba wa sojojinta na musamman. Shi da bakinsa ya tona wannan a gaban taron masana a 1972, cikin ɓacin rai. Don haka idan abokina ya ce rubutun baƙo makami ne da ba ka san hannun da zai faɗa ba, gaskiya ya faɗa.

Ni ma ina da nawa ɗan tabon. Ina yaro wata mai bincike ta zo ƙauyen kakata da na'urar ɗaukar murya. Kwana uku tana zaunar da tsohuwa a gindin bishiya tana sa ta rera waƙoƙin niƙa da na daɓe. Ta ba da goro da turmin atamfa, ta yi alkawarin za ta aiko da kaset. Kakata ta rasu tana jiran kaset. Waƙoƙin nan yau babu mai iya kawo su a gidanmu daga farko har ƙarshe, amma na tabbata suna nan a cikin wani akwati a wata ƙasa, an manna musu lamba.

To me ya raba Pelras da waɗannan? Abin da ya fara jan hankalina shi ne inda ya soma. An haife shi a 1934, ya rasu a 2014, kuma kafin ya zama masanin Bugis sai da ya zauna daga 1962 zuwa 1964 a wani ƙaramin ƙauye mai suna Goulien, a yankin Bretagne na yammacin Faransa (kada a rikita shi da Birtaniyar Ingila, wannan lardi ne na Faransa mai harshensa na daban). Can ya yi wa manoman ƙasarsu irin abin da daga baya zai yi wa manoman Sulawesi: ya ƙirga gidaje, ya bi dangantakar aure, ya duba kayan noma, ya ɗauki hoton bidiyon yadda ake girbi da yadda ake zuwa coci. Ya koma ƙauyen bayan fiye da shekara talatin ya ga abin da ya sauya, ya fitar da littafi a 2001. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi wannan ya fara duban tudun da yake tsaye a kai. Mutumin da ya ga tsohuwar Faransa tana camfa rijiya da dutse, ya ga manomin Faransa yana kunyar harshen uwarsa a gaban ɗan birni, da wuya ya je wata ƙasa ya ɗauki camfin mutanenta a matsayin alamar cewa su wasu halittu ne na daban.

Sai kuma daɗewa. Ya fara da Bugis mazauna Johor ta Maleshiya a 1967, sannan ya tsallaka Sulawesi, ya fi zama a ƙasar Wajo' da ke gefen tafkin Tempe, inda garin Sengkang ya yi suna wajen saƙar siliki. Daga nan bai daina komawa ba. Yana ma'aikacin cibiyar bincike ta ƙasar Faransa, CNRS, kuma a 1971 shi da Denys Lombard da Pierre Labrousse suka kafa mujallar Archipel, wadda har yau ita ce babbar kafar Faransawa ta nazarin tsibiran Indonesiya da maƙwabtansu. Tsakanin saukarsa ta farko da fitowar babban littafinsa kusan shekara talatin ne. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Haka ne, amma makanta ce mai warkewa, sai dai maganinta shekaru ne, kuma yawancin masu bincike na yanzu, da kuɗin tallafinsu na wata shida da takardar tambayoyi, ba su da haƙurin shan maganin.

Daɗewar nan ce ta ba shi damar ganin abin da kirari ya rufe. Idan ka sauka a tashar jirgin ruwa ta Makasar ko ta Surabaya, Bugis ɗin da za ka gani matuƙa ne da fatake. Sai ka shiga cikin ƙasa, ka bi filayen Sidenreng da Soppeng da Bone, sannan za ka ga fadamun shinkafa iya ganinka, ka fahimci cewa a nan jama'ar take. Tarihi ma ya bayyana yadda abin ya faru. A ƙarni na 17 babbar tashar cinikin yankin Makasar ce, ƙarƙashin daular Gowa. Kamfanin Holan na Gabashin Indiya ya haɗa kai da wani basaraken Bugis na Bone, Arung Palakka, suka yaƙi Sarkin Gowa Hasanuddin, aka tilasta masa yarjejeniyar Bongaya a 1667, ganuwarsa ta Somba Opu ta faɗi a 1669. Rikicin da ya biyo baya ne ya watsa dubban mutane, musamman 'yan Wajo' da suka goyi bayan Gowa, zuwa Borneo da Sumatra da mashigin Malaka. A 1676 wani shugaban fataken Wajo' mai suna Amanna Gappa ya tsara dokokin sufurin teku, da kuɗin dako da haƙƙin mai jirgi da na fasinja. Jikokin waɗannan 'yan gudun hijira ne suka riƙe ragamar mulki a Riau da Johor, suka kafa sarautar Selangor ta Maleshiya a 1766, wadda zuriyarsu ke kai har gobe. A Singafo akwai unguwa da tashar jirgin ƙasa masu suna Bugis. Ashe teku mafita ce da tsanani ya buɗe musu, suka kuma ƙware a cikinta. A ganina wannan labarin ya fi kirarin daɗi, domin ya nuna mutane masu iya sauya sana'a da ƙasa idan zamani ya juya, kuma wannan sauƙin karɓar sabon abu shi ne Pelras ya ɗauka a matsayin babbar alamar Bugis.

Akwai wurin da aikinsa ya fi taɓa jijiya, wato addini. Musulunci ya shiga fadojin kudancin Sulawesi a 1605, lokacin da sarkin Luwu' da sarakunan Gowa da Tallo' suka karɓi kalmar shahada a hannun malamai uku da suka zo daga ƙasar Minangkabau ta Sumatra. Daga 1608 zuwa 1611 Gowa ta ɗaura yaƙi har sauran masarautu suka bi, Wajo' a 1610, Bone a 1611. Yau Bugis na cikin mutanen Indonesiya da aka fi sani da riƙon addini da son zuwa hajji. Amma Pelras bai tsaya nan ba. Ya rubuta a kan abin da ya saura daga tsohon zamani: sadakar da ake kai wa ruwa da kaburburan kakanni, girmama shinkafa kamar mai rai, da bissu, bokayen fada waɗanda ake ɗauka sun haɗa siffar namiji da ta mace, masu tsaron kayan sarauta. Waɗannan bissu sun sha wuya a lokacin tawayen Kahar Muzakkar, wanda ya ɗauki tutar Darul Islam a shekarun 1950 har aka kashe shi a 1965. An ƙona kayan aikinsu, an aske wasu, an kashe wasu.

Na san mai karatu zai ce, to ina amfanin tono wannan? Ba tallar shirka ba ce? Irin wannan ƙorafi aka yi wa Faransawan da suka yi nazarin Hausawan Nijar, irin su Guy Nicolas a kwarin Maradi, da suka cika shafuka da zancen bori da Anna, wato Hausawa masu bin addinin gargajiya. Ina fahimtar ƙorafin, har ma ina ganin wani lokaci Bature yakan fi ɗokin abin da ya saura na jahiliyya fiye da masallacin da ke cike a gabansa, domin shi ne zai burge masu karatunsa a Paris. Sai dai rubuta abu daban, halatta shi daban. Malaman Musulunci na farko ai sun tattara waƙoƙin jahiliyya sun adana, da labarin gumakan Larabawa da sunayensu, ba don su koma bauta musu ba. Al'ummar da ta goge abin da ta baro ba za ta san tsawon tafiyar da ta yi ba. Kuma a yi wa Pelras adalci, ɗaya daga cikin rubuce-rubucensa da aka fi ambato, wanda ya fito a Archipel a 1985, a kan yadda Musulunci ya kafu ne a yankin, da dalilin da ya sa sarakai suka yi jinkirin karɓarsa duk da sun daɗe da sanin Musulmi 'yan kasuwa.

Ya yi kuskure? Ya yi, kuma babba. Bugis suna da wata doguwar waƙar tarihi mai suna La Galigo, labarin alloli da zuriyarsu da jarumi Sawerigading, wadda idan aka haɗa rassanta ana ƙiyasta ta kai shafi dubu shida, tana cikin mafiya tsawo a duniya. Pelras ya ɗauki wannan waƙa a matsayin madubin wani zamani na gaske da aka yi kafin masarautun da tarihi ya sani, ya gina babi a kan haka. Wasu masana biyu, David Bulbeck da Ian Caldwell, suka je Luwu' a ƙarshen shekarun 1990 suka yi tono a ƙasa, suka duba fasassun tangaran na Sin da wuraren narka ƙarfe. Sakamakon da suka fitar a 2000 ya nuna cewa zaman Bugis a gaɓar Luwu' bai fara ba sai wajen 1300, wato bayan lokacin da ake zato. Mutumin da ya rushe wa Bugis tatsuniyar teku, sai ga shi tatsuniyar waƙa ta kama shi. Wannan bai rage masa daraja a idona ba. Ya faɗi maganarsa a fili, da hujjojinsa a shimfiɗe, yadda mai shebur zai iya zuwa ya ƙaryata shi. Rahoton ɗan leƙen asiri kuwa a aljihun gwamna yake ƙarewa, ba mai ganinsa balle ya gyara.

Tun da an ambaci La Galigo, bari in ɗan ratse. Kwafin da ya fi kowanne cika yana ɗakin karatu na jami'ar Leiden a Holan, juzu'i goma sha biyu, shafi fiye da dubu biyu da ɗari takwas, kuma UNESCO ta sa waƙar cikin kundin abubuwan tunawa na duniya a 2011. Shekara da shekaru ana danganta kwafin da B. F. Matthes, ɗan mishan da ya kai shi Turai. Amma wadda ta zauna a tsakiyar ƙarni na 19 ta tattara rassan ta tsara su mace ce, basarakiyar Bugis mai suna Colliq Pujie. Sai a baya-bayan nan sunanta ya fara samun matsayin da ya dace da shi. Mu ma mun san wannan ciwo. Tatsuniyoyin Hausa da aka buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 sunan Frank Edgar ke bangonsu, alhali malamai ne suka rubuta su da ajami. Babu baƙon da ya taɓa sanin wata al'umma sai da wani ɗan gida ya riƙe masa hannu, kuma ɗan gidan ne ake mantawa. A zamanin Pelras an samu ci gaba, domin a lokacin Sulawesi tana da manyan masananta, irin su Mattulada da Andi Zainal Abidin na jami'ar Hasanuddin, waɗanda ba za a iya mayar da su 'yan rakiya ba. Dole ya yi zance da su a matsayin tsara, ya ambace su, su ma su auna shi.

Amma abin da ya fi komai nauyi a ma'aunina ya faru ne a 2006. A shekarar aka buga littafin da harshen Indonesiya, da sunan Manusia Bugis, matasan yankin suka fassara, shi kuma ya sake dubawa ya yi gyara da ƙari. Daga ranar ɗalibin Makasar ko na Parepare zai iya saye ya karanta abin da aka ce game da kakanninsa, game da siri', wato mutunci da kunyar da Bugis kan ce ransa bai fi su ba, game da Wajo' da ke zaɓen sarkinta ta hannun majalisar mutum arba'in, game da matan da suka hau gadon sarautar Bone. Zai iya yarda, zai iya yin tsaki ya ɗauki biro ya mayar da martani. An kuwa yi ta muhawara, musamman kan zancen manoma da matuƙa. Kaset ɗin ya dawo gida ke nan. Wannan ne hurumin da nake nufi: wanda ya tsaya a gabanka ya faɗi magana da harshen da kake ji, ya ba ka damar ka ce masa ƙarya yake yi, ya biya kuɗin maganarsa.

Ban ce ya biya duka ba. Harshen Indonesiya harshen makaranta ne da gwamnati. Tsohon da ke cikin fadama a Sidenreng, wanda daga bakinsa aka ɗebo rabin abin da ke littafin, da harshen Bugis yake tunani. Kuma shekara goma cur littafin ya yi a hannun masu jin Ingilishi kafin ya isa ga masu shi. Amma ka gwada da namu. Babban littafin Nicolas a kan Hausawan Maradi ya fito a 1975 da Faransanci mai tsauri, irin wanda ko ɗan jami'a sai ya yi gumi, kuma jikokin mutanen da aka rubuta shi a kansu suna nan a Tibiri da Jiratawa suna noman gero.

Saboda haka ba na goyon bayan masu cewa a rufe ƙofa, kowa ya rubuta nasa. Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma mai ɗaki ya saba da warin ɗakinsa har ba ya jin sa. Babu ɗan Bugis da zai yi saurin cewa pinisi ba nasu ba ne, ko da ya sani, domin zai koma gida ya haɗu da kawunnansa. Abin da nake so hukumomin da ke ba da izinin bincike su yi, a Jakarta ne ko a Abuja ko a Yamai, shi ne su sa sharaɗi a rubuce: duk murya da hoton da aka ɗauka a bar kwafi a garin da aka ɗauka, duk littafin da ya fito a fassara aƙalla gundarinsa da harshen mutanen, kuma kuɗin fassarar ya kasance cikin kuɗin tallafin tun farko. Mai binciken da ya ga wannan ya yi masa tsada, ya nuna wa wanda yake yi wa aiki.

Sannan hanyar ta daina zama mai tafiya ɗaya. Kowace shekara alhazanmu suna sahu ɗaya da Bugis a Mina da Arfa, ana murmushi ana miƙa wa juna dabino, ba a wuce nan. Ina son in ga ɗalibi daga jami'ar Bayero ko ta Abdou Moumouni ya nemi izini ya tafi Sengkang ya yi shekara biyu. Zai tarar da masaƙa da marina, da fatake masu amana tsakaninsu ba takarda, da iyayengiji da barorinsu, da sadakin aure mai sa samari ƙaura. Zai kuma zauna gaban wani tsoho ya koyi lontara', rubutun Bugis mai baƙaƙe 23, wanda ba ya nuna baƙin ƙarshen gaɓa, sai mai karatu ya cike da kansa daga ma'anar zance. Bafaranshe ya sha wahala kafin ya saba da wannan. Yaron da ya tashi yana karanta ajami ba wasali, cikin mako guda zai kama.